Wane Jones Ne Ya Rasu?

Ranar Talata, huɗu ga Maris, Allah Ya yi wa David Jones na ƙauyenmu Cwm Isaf rasuwa, yana da shekara tamanin da ɗaya. Na san mai karatu zai ce wanne, domin David Jones bakwai gare mu. To, Jones Tunkiya.

Ka yi haƙuri, Dai (haka muke kiran marigayin), na faɗa. Duniya ta san Jones mawaƙa da Jones 'yan ƙwallon zari-ruga, mu kuwa namu da sana'a muke rarrabe su: Jones Madara, Jones Gawayi, Jones Wasiƙa. Kai kaɗai tsautsayi ya raɗa wa suna. Marainiyar tunkiya ka shayar da kwalba, wata Lahadi ta biyo ka coci, ta tsaya kusa da kai har aka gama wa'azi.

Shekara arba'in kana jan waƙa a cocin nan ko za a ce Jones Waƙa. Shekarar da dusar ƙanƙara ta binne garkena, kai ka haƙo shi da shebur. Na gode maka ƙwarai, amma da sunan nan na Tunkiya na kira ka wajen godiyar.

Da ciwo ya tsananta, ka sa matarka Eluned ta yi alkawarin ba za a ambaci tunkiya a sanarwar rasuwarka ta jarida ba. Ta cika. Sai gari ya ɗauki burodi mai zabibi na ta'aziyya ya nufi gidan Jones Madara, wanda ya daɗe yana tari, a zaton shi ne ya rasu. Shi da kansa ya buɗe ƙofa, ya karɓi burodin kuma. Eluned ta kwana biyu da butar shayi a kan wuta, ba wanda ya leƙo.

Ta same ni ta ce, "Malam Emrys, kujeru zan tara masa a jana'iza?"

Na ce, "Alkawari fa, Eluned."

Ta ce, "Na jarida na yi masa. Kai tsohon banza, ba ka da baki ne?"

Na bi gida-gida ina faɗin Jones Tunkiya ne ya rasu. Ranar Asabar coci ya cika har waje, aka rera waƙoƙinka, ba mai ja.

Ina miƙa ta'aziyya ga Eluned da 'ya'yanku, Meirion da Nest. Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuma Dai, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, ka yafe mana. Ka tafi wurin Wanda bai taɓa rikita Jones da Jones ba, can ba mai tambayar ka wanne.