Jarkar Baffa Ilu da Kujerar Gaba

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san Baffa Ilu ba ya tada mota sai ya ɗora jarkar Zamzam a kujerar gaba ya ɗaura mata bel. Bel fa! Shi ne yayan mahaifina, a hannunsa na tashi tun ina jariri, amma har na yi gemu ban taɓa zama a kujerar nan ba. Zan faɗi gaskiya, kishin jarkar nake yi, kishi mai ciwo.

Wata shekara bayan alhazai sun watse, muka je shan iska bakin tekun Shu'aiba. Muna naɗe tabarmi Baffa ya ce ruwan nan bai ishe shi kallo ba, Yanbu za mu wuce. Mu shida muka cushe a baya, har da matarsa Umma Rabi da kulolin abinci, jarka kuwa ta miƙe a gaba tana shan sanyin esi.

Na ce, "Baffa, ƙafata ta mutu. A sa jarkar a but mana."

Ya dube ni ta madubi. "Ya shek, kai ka taɓa warkar da wani?"

"A'a."

"To halas, magana ta ƙare, zauna inda kake."

Mun wuce Rabig kenan mota ta ɗau zafi, lagireto ya ƙafe. Na ce yau dai jarka za ta yi aikin kuɗin motarta. "Baffa, ga ruwa nan a gaba."

"Astagfirullah! Zamzam a cikin ƙarfe?"

Ya kwashe ruwan shanmu kaf ya ɗura wa motar, ya bi da shayin Umma. Da ƙishi ya taso mu, sai ya jera mu a bakin titi yana ba kowa Zamzam ɗin cikin murfi ɗaya. Na roƙi ƙari, ya ce, "Albarka ake nema, ba ƙoshi ba."

A Yanbu ma ban tsira ba. Mun isa bakin ruwa, ga jirage, ga iska, ya miƙo min waya ya ce in ɗauki iyali hoto. Hoton yana nan a falo: Baffa, Umma, yara, da jarka a tsakiya. Ni ko inuwata babu.

Bayan rasuwarsa da mako guda Umma ta ba ni makullin motar. Na ce cikin wasa, "To, yau dai na gaji baƙuwar gaba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ka san hatsari ne ya kashe babanka a hanyar Madina. Abin da ba ka sani ba, Baffanka ke tuƙi, shi kuma yana gefensa a kujerar gaba. Daga ranar ya rantse babu jininsa da zai sake zama a gaba. Kullum ka yi masa ƙorafi sai ya shigo ya ce min, 'Gara ya ji haushina yana raye.'"

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya haɗa shi da ƙaninsa, ya shayar da su ba da murfi ba. Jiya na kai 'yata makaranta tana kuka a baya, jarka tana gaba da bel ɗinta.