Gwaggo Asabe da Cinikin Dunduniya

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe ya san ba ta amsa gaisuwa sai ta kalli ƙafarka. Ka durƙusa ka ce, "Ina kwana, Gwaggo?" sai ta ɗaga maka hannu ta ce, "Dakata, bari in ga ƙafa tukuna." In takalminka ya yi mata, ka samu amsa har da tambayar mutanen gida. In bai yi ba, "Lafiya" ɗaya za ta jefo maka ta kau da kai.

Yayar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi a unguwar Gangare, cikin Jos. Ta yi aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati har ta yi ritaya, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa fita da takalmi marar tsini ba. Ku da kuka zauna layinmu kun san ƙarar nan: ƙwas, ƙwas, ƙwas! Lungun da akuya ma sai ta yi hattara saboda duwatsu da gangara, Gwaggo a kan tsini take sauko shi, jaka a hammata, kai a sama.

Ranar da Habibu, wanda yanzu shi ne maigidana, ya fara zuwa gaishe ta, ya sha shadda, ya sha turare. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga ya durƙusa. Gwaggo ta bar shi a durƙushen, ta fita ta ɗauko takalmin tana jujjuya shi.

"Yaro, gaba ka goge ka bar baya?"

"Sauri nake yi, Gwaggo."

"To ita ma 'yar tawa haka za ka riƙe ta? Inda mutane ke gani kawai?"

Wallahi har yau daga dunduniya Habibu yake fara goge takalmi!

Ta haura sittin da biyar ciwon ya same ta. Wata safiya a cikin sanyin damina, irin na Jos mai shiga ƙashi, ta sunkuya za ta ɗauki bokiti sai muka ji salati. Abin ya taso mata daga ƙugu, ya bi ta bayan cinya ya sauka har yatsun ƙafar hagu. Ta ce kamar an haɗa mata wayar lantarki. Da ƙyar na shawo kanta muka tafi asibiti, kuma kun san da me ta tafi? Da jan takalminta mai tsini, tana ɗingishi, tana riƙe da kafaɗata.

Likitan ya kwantar da ita ya ɗaga ƙafar, ta saki ƙara. Ya ce, "Mama, sayatika ce."

"Wa?"

"Sayatika."

"'Yar wane gida ce? Ni ban san ta ba."

Ya yi dariya ya yi mata bayani: babbar jijiya ce da ta taso daga ƙugu ta sauka ƙafa, wani abu ne ya danne ta a baya. Ya rubuta magani, ya ce za ta riƙa zuwa wurin likitan gashin ƙashi, ta daina dogon zama, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Sannan ya nuna takalmin ƙafarta ya ce, "Wannan kuma an gama da shi."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan takalminsa, wani baƙi mai faɗin baki. Ta ce, "Ɗana, wanda ya zaɓi wannan da hannunsa shi ne zai ba ni shawarar takalmi?"

Da muka dawo gida ta yi tata dabarar. Zubar da takalma, ai ba ta ma ji wannan ba. Sai ta tattara ƙafa uku, har da jan nan, ta kai wa Malam Isa, shumekan bakin layinmu, ta ce ya rage musu tsawo da zarto. Malam Isa ya ce, "Hajiya, in aka yanke tsinin, bakin takalmin sama zai kalla." Ta ce, "Kai da zarto na sani, ba da wa'azi ba." Ya yanke. Ta sa ta taka, sai ga yatsu suna kallon sama, ita kuma tana neman faɗuwa ta baya. Ta dafa bango ta ce, "Isa, ka lalata min kaya." Ya ce, "Ai na faɗa." Ta ce, "Ka faɗa, amma ba ka nace ba!"

Ni kuma na ga abin ya ƙi, na je na sayo mata farin kambas mai laushi. Ta buɗe leda ta leƙa, ta mayar ta ƙulle.

"Hauwa, ƙungiyar ƙwallo ce ta ɗauke ni ban sani ba?"

Muka yi ta dariya, amma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Gwaggo ta daina fita. Ta ce gara ta zauna a ɗaki da mutanen Gangare su gan ta da takalmin 'yan makaranta. Aka yi suna ba ta je ba. Aka yi biki ba ta je ba. Har aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu, matar da ba ta taɓa fashin gaisuwa ba ta aike ni. Kwanciyar kuma ta ƙara ɗaure mata ƙugu, har zuwa banɗaki ya zama aiki. Wata rana na shiga da abinci na tarar tana share hawaye da gefen zane. Ta ce, "Shi ke nan, Hauwa, na zama kayan ɗaki." Ban taɓa jin muryarta a ƙasa haka ba.

Na rasa yadda zan yi, sai na hau keke na tafi Titin Bauchi wurin Mama Kaneng. Tsohuwar nas ce, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata a aikin gwamnati. Ita Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, kuma shekara arba'in Gwaggo tana gyara mata ba ta gyaru ba. Ta shigo ɗakin ko zama ba ta yi ba.

"Asabe, ka tashi!"

"Ki tashi ake cewa."

"To ka tashi ka gyara min a tsaye. Ni na yi jinyar masu wannan ciwo da yawa. Wanda ya kwanta, ya kwanta ke nan. Kana so a riƙa juya ka kamar masa?"

Gwaggo ta ce, "Kaneng, ba zan sa kambas ba."

"Wa ya ce sai kambas? Mu je mu tambayi mai gashi abin da ƙafa yake so, sauran kuma naka ne."

Haka muka ɗunguma mu uku. Likitan gashin, wani mai haƙuri, ya ce abin da ake nema shi ne takalmi mai laushi daga ciki, mai riƙe dunduniya kada ta yi yawo, mai faɗin ƙasa, kuma yatsu su samu wurin sakewa. Tsawo kuwa kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya.

Nan fa Gwaggo ta gyara zama, kamar ta shiga kasuwa.

"Yatsa huɗu."

"Mama, ɗaya."

"Haba, ɗana! Uku, don darajar furfura."

"Ɗaya da rabi."

"Albarka."

Ta ɗauki jakarta kamar za ta tafi! Mama Kaneng tana dariya har da riƙe ciki. A ƙarshe aka tsaya a yatsa biyu, da sharaɗin ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe tun daga dunduniya har gaba, babu tsini. Gwaggo ta ce, "Na sallama, amma yatsun Kaneng za a auna, sun fi naka kauri."

Washegari muka shiga kasuwar Katako wurin masu gwanjo. Ta sa an zazzage buhu uku. Ta lanƙwasa wannan, ta danna wancan da babban yatsa, mai kayan yana ta "Mama, wannan fes giret ne," ita kuma tana ce masa, "Fes giret a shekarar da aka haife ka." Daga ƙarshe ta samu wani ruwan ƙasa, mai laushi kamar katifa, mummuna na ƙin ƙarawa. Na ce, "Gwaggo, wannan?" Ta ce, "Ke dai biyo ni."

Wurin Malam Isa muka nufa. Ta zube masa takalman nan da ya yanke, ta ce ya ciro fatar jan, da igiyoyin ruwan zinare, da duwatsun ado, ya lulluɓe mummunan da su. Kwana huɗu tana zuwa da kujerarta, ta zauna kaɗan, ta miƙe ta zagaya, tana ba da umarni. Malam Isa ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa samun oga ba sai a makon nan. Amma da aka gama, jama'a, takalmi ya yi kyau! Ranar da ta fara sa shi zuwa wani biki, mata uku suka bi ta har waje suna tambayar daga Dubai ne. Ta ce, "Daga can wajen ne."

Daga nan ta miƙe. Kullum da hantsi ita da Mama Kaneng sai su taka daga bakin layi su zagayo, suna tafe suna musu. Motsa jikin da aka koya mata kuwa a ɓoye take yi. Wata rana na tura ƙofa na same ta kwance a tabarma, ta rungume gwiwa a ƙirji tana ƙirga, "Bakwai, takwas..." Ta harare ni daga ƙasan ta ce, "In na ji wannan a bakin wani, na cire ki daga gado." Na ce, "Gadon me, Gwaggo?" Ta ce, "Fita, kin ɓatar min da lissafi."

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. In sanyi ya yi yawa yakan leƙo, sai ta gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi, ta rage zirga-zirga kwana biyu, ta ci gaba da harkarta. Shekara takwas ta ƙara tana yawo da ƙafarta. Duk matar da ta ji tana kukan ƙugu a unguwa, Gwaggo za ta je har gida ta tasa ta gaba zuwa asibiti, daga can a wuce wurin Malam Isa. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa likita ya yi gaskiya ba. Cewa take, "Yaron ya yi ƙoƙari, ya ji shawarata."

Bara ta rasu, bayan zazzaɓin kwana uku. Mama Kaneng ta zo ta zauna tare da mu har aka share makoki. Sai da za ta tafi ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Hauwa, gobe da safe ban san inda zan je ba."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe. Ta riƙe ni ba ta gaji ba, ta sa mu dariya ko a ranar da ita take jin zafi. Ya Allah Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka hutar da ita hutun da babu ciwo a cikinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.