Baban Hajja a Jikin Farin Zane

Idan sanyin Madina ya shigo, Hajja Dije, kakarmu ta wajen uwa, takan hura gawayi a kasko bayan magariba a tsakar gidanmu na unguwar Ƙurban, ta ɗora shayi da na'ana'a. Mu jikoki mu kewaye ta, tana mana Hausa muna mayar mata da Larabci, ita kuwa tana kiranmu 'yan ba-ni-na-iya. Tatsuniyoyinta da yawa, amma wanda muka fi roƙo shi ne labarin majigi, duk da mun san ba ta gama shi da busasshen ido.

Tana yarinya a wani ƙauye kusa da Kano, in ji ta, wani Bature ya zo maƙerar babanta da akwati mai ƙafa uku, ya yi ta murza hannunsa kamar mai niƙa, ya tafi. Damina biyu bayan nan babanta ya rasu. Sai ga motar majigi ta zo, aka kafa farin zane a dandali, aka haska. Hoton ba ya magana, wani mutum ne a gefe yake bayani da ƙarfi.

"Ina zaune sai ga Baba," takan ce. "Wallahi shi ne, har da hularsa da ta karkace! Yana dukan ƙarfe, ya ɗago ya dube ni."

"Ba ki ji tsoro ba, ya Sitti?" nakan tambaye ta, don haka muke kiran kaka da Larabci.

"Tsoron ubana? Kai dai akwai shirme. Manya ne suka watse suna salati. Ni zagayawa na yi bayan zanen in kamo shi, na tarar da garu da akuya."

Nan mukan fashe da dariya, ita ma ta taya mu. Ta ce da ta dame shi da kuka, mai majigin ya nuna mata zaren hoton a gaban fitila: Baba ƙanana ƙanana a jere, kowanne tsaye cak, gudun zaren ne yake sa shi motsi. Ta roƙe shi ya yanko mata guda ɗaya tak, ya ce kayan gwamnati ne.

Da ƙafa ta zo ƙasar nan, kuma kullum tsoronta kada fuskar babanta ta ɓace mata. "Hancin ya fara guje mini," ta ce wata rana, babu wasa a muryarta. Ni a lokacin dariyar akuya kawai nake jira, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Bara ɗiyata ta nuna mini wani tsohon hoton majigi a waya: maƙera huɗu a ƙasar Hausa, suna aiki shiru. Na maimaita shi ya fi a ƙirga. Wataƙila yana cikinsu, wataƙila ba ma garinsu ba ne, kuma wadda za ta nuna mini shi ta daɗe da kwanciya a maƙabartar Baƙi'a. Sai na ɗaga hannu na yi musu addu'a su huɗun duka.