Lambar da Ta Rage a Ƙusa

Matso kusa, ja kujerar nan ka zauna, in ba ka labarin Dogo, mutumin da ya tarar ana makokinsa alhali yana tsaye da ƙafafunsa.

Dogo mahaƙin kwal ne, ɗan mahaƙi. Tun gemu bai tsiro ba ya fara shiga rami, bai daina ba sai da kamfani ya sa wa ƙofa kwaɗo. Abin da ya tsira da shi tari ne marar jin magani, da gwiwa mai riga kowa sanin hadari ya taso. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya fito daga rami yakan jingina da tagar ɗakin fitilu, ya ba ƙanin matarsa labarin abin da ya faru a ƙasa. Shi ƙanin nan Rediyo ake ce masa, don in ya kama zance ba mai kashe shi. Aikinsa miƙa fitila ta taga. Bai taɓa shiga ramin ba, wai duhu na sa shi jiri.

Shekaru suka ja, ciyawa ta cinye kekunan kwal, awaki suka gaje ofishin manaja. Sai ga wasu sun zo sun ce wurin nan tarihi ne, ba za a bar shi ya lalace ba. Aka share, aka yi fenti, aka dasa itatuwa a kan tsibin baƙar ƙasa, aka ce ana neman tsohon ma'aikacin da zai riƙa zagayawa da baƙi. Dogo ya sa aka goge masa riga, ya zauna jiran aike. Rediyo aka ɗauka.

Ranar da Dogo ya ga ƙanin matar tasa ya wuce da sabuwar hular kwano tana ƙyalli, sai ya ture kwanon abincinsa gefe.

"Baban yara, wai kishi kake da ƙanina?" in ji matarsa.

"Kishin me? Mutumin da ko rijiya zai leƙa sai an riƙe masa riga?"

"To ci abincinka."

"Na ƙoshi."

Abin ya kai maƙura ran da jikoki suka dawo suna ba shi labarin yadda Kaka Rediyo ya ji katakon rufi na kuka, ya janye mutane kafin ƙasa ta rufta. Alhali labarin Dogo ne, shi ya ji kukan da kunnensa! Ya rantse ba zai taka wurin ba. Rantsuwar ba ta yi kwanan kirki ba, ya ja hula har goshi ya bi bayan wasu baƙi.

A ɗakin fitilu aka tsaya. Ka'idar aikin a da ita ce, in za ka sauka sai ka miƙa lambarka ta tagulla a rataye ta a ƙusa, a ba ka fitila. In ka fito ka mayar da fitila, ka karɓi lamba. Lambar da ta rage a jikin allo, mai ita yana ƙasa ke nan. To, ran da aka rufe rami Dogo ya fito a fusace, ya wuce gida da fitilar kamfani, bai bi ta taga ba. Ga lambarsa nan yanzu ita kaɗai, an goge ta, an kewaye ta da gilashi.

Rediyo ya cire hula, ya kwantar da murya. "Mai wannan lamba jarumi ne. Shi ya koma ƙasa neman abokan aikinsa, har yau bai fito ba."

Ɗaki ya yi tsit. Wata mata ta share hawaye da gefen mayafi, wani dattijo ya sunkuyar da kai. Tunda Dogo yake, ba a taɓa yi masa shiru irin wannan ba. Sai da baƙi suka fita ya damƙi hannun ƙanin nasa.

"Kai, ɗan banza! Labaraina ba su ishe ka ba, sai ka binne ni?"

"Haba Yaya, a hankali, gawa ba ta faɗa."

"Zan tona maka asiri."

"Kawo fitilar mana, in miƙa maka lambarka a gaban kowa. Sai dai ka sani, allon zai zama katako da ƙusoshi, ba mai tsayawa. Ni ina da wasu labaran. Kai fa?"

Dogo ya koma gida ya jawo fitilar daga ƙarƙashin gado, ya ɗora ta a cinya yana goge ƙura da bakin riga. In ya kai ta, Rediyo zai ji kunyar da ba zai manta ba, amma babu wanda zai sake cire hula dominsa. In ya bar ta, za a ci gaba da girmama shi, a bakin mutumin da ya fi kishi da shi a duniya.

Matarsa ta leƙo. "Fita za ka yi, ko in kawo ruwan wanka?"

Ya ci gaba da goge fitilar. Kai da ka saurara, in kai ne Dogo, za ka mayar da fitilar?