Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana ɗan fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. "Yayanki" take cewa, ko ta ce "wancan". Kunyar ɗan fari ce, haka ta gada.

Da aka kama shi kan rigimar rijiya a Tarka, ni da ita muka bi motar kasuwa zuwa gidan kaso da ƙwaryar fura. Ranar Alhamis muka isa. An ce mana Litinin za a ɗauke shi zuwa Damagaram, ga shi da tari mai jini.

Gardin ƙofa ya buɗe littafi ya dubi Inna. "Tsohuwa, wa kika zo gani?"

Ta sunkuyar da kai. Na yi caraf na faɗi sunan, ya ce ba ni ya tambaya ba. "Ɗanki ne?" Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya rufe littafinsa, ya ce wadda ba ta san ɗanta ba ta koma gida.

Na yi lakwal, karatun boko, har aji shida, na san doka ba ta ce haka ba. Washegari na kai kuka ofishin zuji, wato alƙali. Magatakarda ya ce uwa tana da haƙƙin ganin ɗanta, takarda kawai za a ba mu, amma mai sa hannu ya tafi masallaci, sai Litinin. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce sai haƙuri.

Fura ta yi tsami muka ba awaki. Raina ya ɓaci, na yi wa Inna abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. "Inna, suna ne fa. In ya mutu can, kunyar za ki rungume?" Ta juya mini baya. Tuwo ma ta daina ci.

Litinin na karɓi takardar na zo da gudu. Mota na bakin ƙofa, an riga an rufe fursunoni ciki, har da Yayana. Gardin ya duba ya ce takarda ta yi daidai, amma lokaci ya wuce.

Inna ta taka har jikin motar. Gaban gardawa da masu tallar ƙosai, ta kira sunansa da ƙarfi, sau uku. Daga ciki aka yi tari, sannan aka ce, "Wace ce?"

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.