Farin Goro Biyar Daga Djougou

A shekarun farko bayan Dahomey ta samu 'yancin kai, ina koyarwa a wata firamaren mishan a Parakou, ta wajen unguwar Kpébié. A wancan zamani ba a karatun boko ranar Alhamis, sai 'ya'yan Kirista su dawo da safe a yi musu darasin addini, ni kuma aka ɗora wa ƙananan. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa ne daga kudu, masu surutu kamar kasuwa. Mushe suke kirana, wato malam da Faransanci, kamar yadda ake kiran kowane malamin makaranta.

Ni kuwa Bahaushe ne ɗan Djougou, jikan fataken goro. Yadda na zama Kirista dogon labari ne, kuma har gobe ban yi da-na-saninsa ba. Abin da ya biyo baya shi ne ke cina. Ranar da na faɗa wa mahaifina, yana zaune a zaure ya kwance huhu, yana tsintar goro yana yayyafa masa ruwa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Goro mai sankara fitar da shi ake yi, kada ya ɓata huhu." Na tashi na ɗauki akwatina, na yi shekara tara ban taka garin ba. Taurin kai ne da shi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Darasin da aka fi so in dasa wa yaran shi ne ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Na yi ta maimaitawa da Faransanci, suna amsawa kamar aku, ana fita tsakar makaranta kuma su kama dambe a kan ɗanyen mangwaro. Da na gaji, sai na koma ga abin da na gada. Na sayo goro ɗaya, na ɗaga shi a gabansu, na sa farce na ɓare shi biyu. Na ce musu wannan ɓarin ƙaunar Allah ce, wancan ta maƙwabci, ƙwaya ɗaya ce, tare suka fito. Sai in mayar da su su haɗe, in ba su ya zagaya aji. Darasin ya shiga. Limamin cocinmu, wani tsohon Bafaranshe, ya leƙo wata rana ya gani, ya yaba min har kaina ya kumbura.

Cikin azumin da muke yi kafin Idin Paska, bikin tashin Almasihu, wani direban babbar mota, abokin mahaifina tun suna samari, ya same ni a bakin makaranta. Ya miƙo min ɗan ƙunshin ganye ɗaure da zare.

"Tsohonka ya ce in ba ka hannu da hannu."

"Me ya ce kuma, Kawu?"

"Bai ce komi ba. Kai ba ɗan gidan ba ne? Motata, kamyon nan, na tashi jibi da safe, akwai wuri a gaba."

Na kwance na ga farin goro biyar, zaɓaɓɓu, ba mai ko ƙwarzane. A gidanmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. In ya aiko maka da farin goro, ya sauko ke nan, cewa yake ka zo. Na san haka kamar yadda na san yunwar cikina. Amma sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, da bakinsa ya kore ni, da bakinsa zai kira ni. Ga masu rubuta wasiƙa nan zaune a ƙofar gidan waya, kalma biyu ta gagare shi? Na ce wa direban ina shirya yara don bikin Paska, ba dama in motsa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, Mushe," ya juya.

Abin da na yi da goron shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata. Na ga ya fi na kasuwa kyau, sai na riƙa ɗaukar ɗaya duk Alhamis ina ɓarewa a gaban yara, ina koya musu ƙauna. A Alhamis ta uku wata yarinya mai wushirya, wadda ba ta taɓa barin tambaya ta kwana a cikinta ba, ta ɗaga hannu.

"Mushe, maƙwabci sai wanda gidansa ke kusa?"

Na ce a'a, kowa maƙwabci ne, har wanda ya ɓata maka rai.

"To kai Mushe, ba ka da baba ne? Duk hutu malamai suna tafiya gida, kai kana nan."

Na buga tebur da rula, na ce ta je ta durƙusa a bakin allo. Ta je tana hawaye, ba ta san laifinta ba. Maganarta kuwa ta bi ni har gida, ta hana ni cin abinci. Ranar na yanke cewa ana gama Paska zan hau mota. Saura kwana goma sha bakwai ne kawai, na ce ai wanda ya jira shekara tara ba zai kasa wannan ba.

Talatar makon Paska, saura kwana biyar bikin, ina tsakiyar koyar da lissafi, na hango direban a tsaye bakin taga, hularsa a hannu. Na fita.

"Sai haƙuri," ya ce. "Tsoho ya cika jiya da hantsi. An kai shi kafin la'asar."

Na san ba a jiran kowa da gawa a wurinmu, amma sai da na tambaye shi ko ba a jira ni ba. Sai ya ce ciwon ya daɗe a jikin tsohon, shi ne ya hana a faɗa min, wai ba ya so tausayi ya kawo ni.

Mun isa Djougou da yamma. Zaure cike da masu gaisuwa, aka matsa min na wuce, ba wanda ya yi min kallon banza, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Na tarar da Inna a ɗaka ta shiga takaba, ta rame ta koma kamar yarinya. Na durƙusa. Ta shafa kaina ta ce, "Ka yi furfura." Can ta ce, "Tun da ya aika, kullum sai ya sa an share ɗakinka. In ya ji mota ta tsaya a tasha sai ya ce a dubo. Ya sa na ajiye maka kwano daban, na ce don ƙyama ne? Ya ce a'a, ya ji kuna azumi, a riƙa zuba maka wanda ba nama."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Washegari da safe yayana ya raka ni maƙabarta. Bai yi min gori ba ko da kalma ɗaya. Ya nuna min sabon tudu da aka jera wa ƙaya saboda dabbobi, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa, sannan ya ja baya can gindin wata bishiya don in yi tawa. Ni da nake koya wa yara addu'a kowane mako, na nemi ko ɗaya a bakina na rasa. Na tsuguna na dafa ƙasar, har lokacin da sauran danshi.

Na ce, "Baba, na zo."