Dambun da Hajiya ta kai wa mutanen Koriya

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Hajiya Mariama a likitar Lyon. Matata ce, 'yar Damagaram, wadda ta biyo ni Faransa ta zauna da ni a can ƙololuwar bene a Rillieux-la-Pape, inda asansar, wato na'urar hawa bene, ba ta lalacewa sai ranar da aka sayo buhun shinkafa. Masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Lakwal, wato boko, aji biyu na yi, malamin ya ga ba riba, ni ma na ga ba riba, muka rabu lafiya. Sauran rayuwata wankin bis-bis na birni na yi. Amma "Malam" take kirana har ta koma ga Allah, ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Daga nan ku auna irin rufin asirinta.

Kowa a gidansu ya san labarin wan mahaifinta. Yana saurayi, zamanin aikin tilas na Nasara, dogaran kumandan suka zo suka tafi da shi gyaran hanya. Bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo. Uwarsa, wato kakar Hajiya wadda ta raine ta, ta hana a yi zaman makoki, ta ce ba ta zaman makokin mai rai. Kullum aka kwashe tuwo sai ta ware malmalarsa ta rufe da faifai, in gari ya waye a ɗumama wa jikarta. Hajiya takan ce da tuwon wanda bai dawo ba ta yi ƙashi. Tsohuwar ta rasu tana jira, ba a taɓa ɗaga hannu an yi masa addu'ar mamaci ba. Ko sunansa ba a kamawa, sai dai a ce Baba Babba.

Wata Lahadi da rana autarmu Hadiza, lokacin tana jami'a a Bron, ta ja mu kallon wasu mawaƙa da suka zo daga Koriya. Ni dai na bi ne don an ce akwai kujera mai laushi. Mutane ne da yawa, maza da mata, duk cikin fararen kaya, suna wasan kwaikwayo amma da waƙa, ga ganga ɗaya tana bugawa a hankali. Ana rubuta fassara da Faransanci a saman dandamali, kafin in haɗa harafi uku an sauya layi. Hadiza ce ke raɗa mana: wai su ma an mulke su, Japan ce ta danne su, ta hana su harshensu a makaranta, ta sauya musu suna, ta kwashe samarinsu zuwa ramin haƙar gawayi. Na ce ashe Nasara ba launin fata ba ne, hali ne.

Can sai wata dattijuwa ta fito da kwanon shinkafa, ta rufe shi, ta tura ƙarƙashin bargo don kada ya huce, ta zauna tana kallon ƙofa. Hajiya ta damƙe mini gwiwa har na ji zafi. A ƙarshen wasan mawaƙan suka tsaya sahu suna kiran sunayen waɗanda ba su dawo ba, ɗaya ya kira, sauran su amsa, murya tana hawa kan murya.

Da aka gama zauren ya ɓarke da tafi. Ni ma na ɗaga hannu, ta kaɗe shi.

"Malam, kana da hankali? Gidan mutuwa ake tafi?"

Na ce, "Hajiya, wasa ne fa. Ki duba, ga wanda ya mutu ɗazu can yana murmushi."

Ta ce, "Wannan kukan ba na wasa ba ne. Na san shi."

Washegari tun da safe ta turara dambun shinkafa da zogale, ta cika kula babba, don a wajenmu ba a zuwa gaisuwar rasuwa hannu sake. Wa zai ɗauka? Malam. Haka na shiga bis rungume da kula, Hadiza na biye tana cewa, "Mama, don Allah, ça se fait pas, ba a yin haka, za su ce mun haukace." Mai gadin ƙofar baya ta gidan wasan ya dube ni, ya dubi kula, ya tambaya ko odar abinci ce. Na ce masa ta'aziyya ce, ban san Faransancinta ba.

Aka dai shigar da mu. Dattijuwar nan ta kwanon shinkafa tana zaune cikin kayan gida, ba kwalliya, tana shafa wa gwiwarta magani. Hajiya ta durƙusa ta ce, "Sannunku da haƙuri. Allah ya ba ku dangana." Hadiza ta juya wa tafintansu da Faransanci, kunya kamar ta nutse, shi kuma ya juya wa matar. Na shirya jin dariya. Sai matar ta miƙe, ta karɓi kular da hannu biyu, ta rusuna. Ta daɗe tana duban Hajiya, sannan ta yi tambaya. Tafinta ya ce, "Tana cewa, ku wa aka ɗauke muku?"

Shekara nawa muna ƙasar nan, cikin waɗanda suka yi ɗaukar, wato Faransawa, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. A karo na farko na ji Hajiya ta kama sunan: "Shu'aibu." Matar ta maimaita, harshenta ya karya shi, ta sake har ya miƙe. Waɗanda ke kusa suka ɗauka, ɗaya ya kira, sauran suka amsa, a wannan lungu mai warin fenti. Ni da na zo ɗaukar kaya sai ga ni ina neman inda zan ɓoye fuska.

Juma'ar da ta biyo Hajiya ta shimfiɗa tabarmi a falonmu, ta kira liman da 'yan ƙasarmu, aka yi wa Shu'aibu addu'ar da aka hana shi tun kafin a haife ta. Ba zan ce ta warke ba. Amma daga ranar ta daina dafa abin da ya fi ƙarfin cikinmu, ni kuma ban taɓa sanin dalilin wannan ragowar ba sai da ta ɓace: ashe rabon Shu'aibu ne.

Yanzu nakan zauna in ce, da tana nan me za ta ce? Jikokinta a unguwar Belleville ta Paris ba su da aiki sai kallon samarin Koriya masu jan gashi suna tsalle a waya. Na tabbata da ta ce, "Bar su su yi rawa, Malam, sun yi kukansu sun gama." Sojan Faransa sun kwashe kayansu daga ƙasarmu, matasa na ta murna. Nan kam ban san bakinta ba. Ina jin da ta tambaya ko cikin masu jawabi akwai wanda ya kira sunan mutum ɗaya daga waɗanda aka kora gyaran hanya.

Da na je Paris da sallar da ta wuce, Hadiza ta ba 'ya'yanta labarin dambun, ana ta dariya, har da yadda na yi tuntuɓe da kula. Sai ta juyo ta ce, "Baba, wannan Baba Babban na Mama, yaya ma sunansa?" Na faɗa mata, ta ce za ta riƙe. Allah ya sa. Ni kaina kwanan nan na tsaya gaban firji ina neman sunan tumatir.

Hajiya ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne mamaci ɗaya da ta ƙwato daga shiru, ta damƙa wa tsoho mai mantuwa. Shi ba shi da kabari, ita tana da, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar Bron. In na je nakan yi mata sallama, in yi masa, in roƙa musu gafara kowa da sunansa. Bafaranshen da ke share ganye a wurin ya taɓa tambayata ko mutum biyu ne a ciki.

Na ce masa e.